Jan Waken Madam Kamlesh

Shamsiya 'yar Damagaram ce, a unguwar Birni aka haife ta. Karatu ne ya kawo ta Faransa a shekarar 2010, tana da shekara ashirin da huɗu. A Lyon ta sauka, ta karanci harkar ruwan sha na birane, da niyyar in ta gama ta koma gida. Ba ta koma ba. A can ta haɗu da Mika'ilu, ɗan Tawa mai karatun sinadarai, mutum marar yawan magana, suka yi aure. Da ya samu aikin bincike na wucin gadi a Paris sai suka tattara suka koma La Courneuve, kuma a nan aka haifi 'yarsu ɗaya, Raihana.

Ta nemi aikin da ta karanta har ta gaji. Wasu ofisoshin sun amsa mata da haƙuri, yawanci ko amsa babu. Wata maƙwabciyarta, Balkisa, ita ta kai ta wani kamfani da ke tura mata gidajen tsofaffi, su yi musu wanka, su canza zanen gado, su yo sayayya, su tabbatar an sha magani. Shamsiya ta ce za ta riƙe shi na wata shida kafin wani abu ya fito. Shekara tara ta yi tana aikin. Gida biyar a rana, wani lokaci shida, daga wannan metro zuwa wancan bas. A shekara ta uku bayanta ya fara ciwo, saboda ɗaga mutanen da ba su iya tashi da kansu, kuma bai sake barinta ba.

Ana cikin haka Mika'ilu ya samu aikin dindindin a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kudu da Lyon. Sun daɗe suna jiran gidan gwamnati kafin a ba su na La Courneuve, ga Raihana ta saba da makarantarta, don haka suka yanke ya fara tafiya, su biyo shi in ya samu gida mai kyau. Ya kama ɗaki ɗaya kusa da wajen aiki. Yakan zo ranar Asabar in aiki ya bari, ya koma Lahadi da la'asar. A farko suna maganar tashi kullum. Daga baya maganar ta ragu, har ta zama ba mai tayar da ita.

A wannan tsakanin ne kamfani ya tura ta gidan Madam Kamlesh, a Belleville, hawa na huɗu, babu asansar, wato na'urar hawa bene, sai matakala. Tsohuwa ce 'yar Indiya, daga yankin Punjab, shekarunta tamanin da biyu. Ta zo Paris da mijinta tun suna matasa, suka yi ta sayar da yadi har ya rasu. Ɗanta ɗaya, Rohit, yana aiki a Lyon. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta zuwa madafa, sai aka rubuta a riƙa kawo mata dafaffen abinci a ɗan faranti rufe da leda. Ba ta cin nama ko kifi, abin da ake kawo mata kuwa ganye ne da dankali marar gishiri. Takan buɗe, ta duba, ta ture.

Ran nan, Shamsiya na ninke kaya, tsohuwar ta tambaye ta da faransancinta mai nauyi, "Kin iya dafa wake?"

"Madam, a garinmu yarinya 'yar shekara goma ta iya dafa wake."

"To, za mu gani. Buɗe wancan kabad ɗin."

A ciki akwai kwalba cike da jan wake manya, masu siffar ƙoda, ba irin farin waken gida ba. Madam Kamlesh ta ce sunansa rajma, kuma abincin da ake yi da shi ma haka ake kiransa. Ta sa Shamsiya ta wanke kofi biyu ta jiƙa, ta ce sai gobe.

Awa ɗaya da rabi kamfani ya ware wa gidan, har da wanka da shara. Shamsiya ta san wake ba ya nuna a wannan ɗan lokaci, don haka washegari ta zo da 'yar kanwa a jaka. Tana shirin jefawa tsohuwar ta hango daga kujerar da aka jawo mata bakin ƙofar madafa.

"Wannan dutsen na mene ne?"

"Yana sa wake ya yi laushi da wuri. Haka muke yi."

"Ku yi a naku. Mayar da shi jaka, ki sauko da kokot."

Kokot ɗin tsohuwar tukunya ce mai murfin da ake ɗaurewa, mai huci. A cikinta waken ya nuna. Sauran aikin kuwa da baki tsohuwar ta yi shi, da hannun Shamsiya. Aka zuba mai, ya yi zafi, Madam Kamlesh ta ce, "Jira." Shamsiya ta tsaya riƙe da cokali. Tsohuwar ta sake cewa, "Jira," da ƙarfi, tana nuna wani gwangwani mai faɗi da ƙananan kofuna bakwai a ciki. Sai a lokacin Shamsiya ta tuna matar ba ta jin Hausa. Ashe sunan wasu 'yan ƙwayoyi ne sirara masu ƙanshi. Ta yi dariya ta bayyana mata abin da kalmar ke nufi a Hausa. Madam Kamlesh ba ta yi dariya ba, ta ce man zai ƙone.

Duk ranar Laraba a jiƙa, Alhamis a dafa. Haka suka yi kusan shekara biyu. Tsohuwar ba ta taɓa yabawa ba. Takan ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta murje tsakanin yatsu biyu, in ya narke ta gyaɗa kai. Amma tana cinye farantinta da shinkafa, ta sa a ajiye mata na kwana biyu. Tana ci tana ba da labarin gidan mahaifinta, inda ake yin wannan abinci kowace Lahadi. Shamsiya na saurare tana duban agogo, don akwai wani tsoho a Pantin da ke jiran a tashe shi daga gado.

Ita ma sai ta fara yi a gida. A La Courneuve akwai shagunan 'yan Indiya da yawa, ta samu duk abin da take buƙata. Raihana ta so shi tun ranar farko. Mika'ilu ya juya cokali a ciki ya ce, "Ina naman?" Ta ce babu, haka ake cin shi. Ya ci, ya ce ya yi daɗi. Da ma abin yana damunta, in ta tuna a Lyon burodi da sardin yake ci. Ga abinci mai riƙe ciki, wanda ba ya lalacewa a hanya. Daga nan duk Lahadin da ya zo sai ta cika babbar tukunya, ta zuba masa a robobi biyar, ta rubuta kwanan wata a kan murfi, ya tafi da su.

Wata safiya a watan Fabrairu ta buɗe ƙofar Madam Kamlesh ta same ta a ƙasa, tsakanin gado da bayi. Ƙashin ƙugunta ya karye. Shamsiya ta kira agaji, ta lulluɓe ta da bargo, ta zauna a ƙasa riƙe da hannunta har suka zo. Da aka sauka da ita sai ta wanke kofin shayin da ke kan tebur, ta kulle ƙofa, ta wuce Pantin a makare.

Tsohuwar ba ta dawo gidan ba. Daga asibiti Rohit ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi a gefen Lyon, kusa da shi. Ranar da ya zo kwashe kaya ya kira Shamsiya ta kawo makulli, ya miƙa mata gwangwanin kayan ƙanshin. Ya ce matarsa ba ta san yadda ake amfani da shi ba. Dokar kamfani ta hana karɓar kyauta, amma ta karɓa. A ranar ofis ya turo mata sunan wata sabuwar tsohuwa da za ta maye gurbin awa ɗaya da rabin.

A watan Mayu Rohit ya kira ta a waya. Ya yi ta ba da haƙuri kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsa ta daina cin abinci, sai ɗan shayi. Ya sayo mata rajma daga gidan abinci har sau biyu, ta sansana ta kawar da kai. Ya gwada da kansa, waken ya fito kamar tsakuwa.

"Na san ba aikinki ba ne yanzu," ya ce. "In ba za ki iya ba, na fahimta."

Tana tsaye a tashar metro, ƙafafunta na zogi. Wannan Asabar ɗin Mika'ilu yana aiki, ba zai zo ba, ta riga ta ƙudurta za ta yini a kwance. Ta ce, "Zan zo ranar Asabar."

Ranar Juma'a da yamma ta jiƙa waken. Bayan sallar asuba ta shiga madafa. Waken ya kumbura, ya cika kwano. Ta zubar da ruwan jiƙon, ta ɗauraye, ta zuba sabon ruwa da gishiri, ta bar shi ya tafasa sosai a buɗe kamar yadda aka koya mata, kafin ta ɗaure murfin kokot. Yana huci tana yanka albasa uku ƙanana-ƙanana. Ta daka citta ɗanya da tafarnuwa a ɗan turminta na Damagaram, a kan tawul don kada na ƙasa su ji. Ta markaɗa tumatir. Ta jefa jira a mai har ya fara tsalle, ta zuba albasa.

Nan ne wurin da ya fi cin lokaci. Madam Kamlesh takan sa a soya albasa a hankali har ta yi ja kamar zuma, ba a barinta ko minti ɗaya. Shamsiya ta jingina da bango tana juyawa, hannu ɗaya a ƙugu. Ta duba agogo. Jirgin ƙarfe tara ne, ga Raihana ba ta tashi ba, kuma sai ta kai ta gidan Balkisa. Albasar ta fara canza launi, ta ce ya isa. Ta zuba citta da tafarnuwa, sai tumatir, da kurkum, da barkono, da garin koriyanda, ta bar su suna soyuwa har mai ya taso a gefe. Ta juye waken da ruwansa, ta murƙushe cokali biyu a jikin tukunya don romon ya yi kauri, ta rage wuta. A ƙarshe ta barbaɗa haɗin yajin da ake kira garam masala, da ganyen koriyanda. Ta dafa shinkafa daban.

Raihana ta fito tana murza ido. "Maman, yau ba Lahadi ba ce."

"Na Madam ne. Na bar miki naki a firigo. Sa takalminki."

A cikin jirgi ta rungume jakar a cinya, ɗumin robar na ratsa zaninta. Ta yi barci tun kafin a fita Paris, ba ta farka ba sai da aka ambaci Lyon.

Rohit ya ɗauke ta a tasha. Gidan tsofaffin yana da tsabta, da lambu, da ƙanshin sabulun goge ƙasa. Madam Kamlesh na zaune a keken guragu kusa da taga. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Shamsiya ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta dube ta ta yi magana mai tsawo da harshensu. Rohit ya ce tun bayan faɗuwar faransancin ya gudu daga bakinta, shi kuma rabin abin da take faɗa yake ganewa.

"Ta gane ni?"

"Ban sani ba. Ina jin ta ɗauka ke ƙanwarta ce."

Wata ma'aikaciya mai suna Inès ta ɗumama abincin, ta ce a murƙushe shi sosai saboda haɗiya. Shamsiya ta murƙushe da bayan cokali, ta bar 'yan ƙwayoyi a gefen faranti. Da ƙanshin ya isa hancin tsohuwar sai ta miƙa hannu, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murje. Ta buɗe baki. Shamsiya ta ba ta cokali ɗaya, ta jira ta haɗiye, ta ƙara. A na shida ta rufe baki ta kawar da kai, ta faɗi wata gajeriyar magana.

Rohit ya fassara. "Ta ce albasar ba ta soyu ba."

"Gaskiyarta," in ji Shamsiya. "Sauri na yi."

Ta goge mata baki, ta gyara mata mayafi, ta yanke mata farce don ta ga sun yi tsawo. Kafin ta gama tsohuwar ta yi barci. Rohit ya so ya kai ta cin abinci, ta ce a'a, ya sauke ta a Saint-Fons kawai.

Rabonta da ɗakin Mika'ilu shekara biyu. Daga tagarsa ana ganin bututun masana'antu da farin hayaƙi, iskar ma wani wari gare ta kamar na roba. Ya dawo daga aikin safe ke nan, idanunsa ja, shatin abin rufe fuska bai bar kumatunsa ba. Suka gaisa. Ya ɗora ruwan shayi. Ta buɗe firigo don ta ajiye robar da ta rage, ba ta ga komai ba sai madara da rabin burodi. Ta buɗe wajen ƙanƙara na sama. Robobinta ne jere, cike, da rubutun hannunta a kan murfi. Ta ƙirga goma sha huɗu. Akwai na watan Disamba.

"Baban Raihana, mene ne wannan?"

Ya juyo, ya gani, ya mayar da ido kan butar shayi. "Cikina ba ya ɗauka," ya ce. "In na ci, kumburi nake yi. Kuma awa takwas muke yi cikin rigar aiki a rufe ruf. Nakan ba Soumaïla, abokin aikina, amma shi ma ya ce ya isa."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ga ranar hutunki ɗaya ce, kuma a tsaye kike ƙarar da ita a kansa. Na rasa ta inda zan fara. Da aka daɗe kuma sai ya ƙara wuya."

"To me kake ci?"

Ya nuna kabad da haɓa. Ba ta buɗe ba, ta san abin da ke ciki.

Ta zauna a bakin gadonsa. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Ta tuna Lahadi nawa ta yi tana juya albasa da ciwon baya, shi kuma yana ɗaukar jaka mai nauyi daga jirgi zuwa bas, ya zo ya jera a ƙanƙara. Ta ce za ta ɗan kishingiɗa kafin shayi ya yi. Ko takalmi ba ta cire ba. Da ta farka rana ta yi sanyi, takalman na ajiye a bakin ƙofa, Mika'ilu na zaune a kan darduma, shayinta ya huce a kan kujera.

"Wannan zaman ba zama ba ne," ta ce.

"Gidan La Courneuve fa? Shekara shida muka jira shi."

"A ba wani. Ka nemo mana ko ɗaki biyu ne."

 Ya ce akwai wani ɗan Maraɗi a Vénissieux da zai bar gidansa bayan an rufe makarantu, zai yi masa magana.

Ta sake zuwa wajen Madam Kamlesh sau ɗaya, a watan Yuni. Wannan karon ta ba albasar lokacinta, amma tsohuwar ba ta buɗe baki ba sam. A watan Yuli Rohit ya turo saƙo cewa ta rasu da safe, cikin barci. Shamsiya ta karanta a kan matakalar wani gida, tsakanin hawa na biyu da na uku. Ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da hawa.

A watan Agusta suka tashi. Gidan Vénissieux ya fi na da ƙanƙanta, rabin kayansu a wajen Balkisa suka bar su. Raihana ta yi sati uku ba ta yi wa kowa maganar kirki ba saboda an raba ta da ƙawayenta. Shamsiya ba ta daina dafa jan waken ba, amma yanzu sau ɗaya a wata, a ƙaramar tukunya, ita da 'yarta. A irin wannan ranar, Mika'ilu yakan soya ƙwai da kansa.

Aiki kuwa bai canza ba. Ta samu wuri a wani gidan tsofaffi, ba wanda Madam ta zauna ba. Aƙalla yanzu gini ɗaya ne, kuma akwai na'urar ɗaga mutum daga gado. Shugabar wurin ta ga takardunta na jami'a, sai ta ba ta shawara ta yi karatun mataimakiyar jinya, don a riƙa lissafa ta cikin ƙwararru. Ta yi rajista. Shekarunta talatin da tara, ita ce babba a ajin, 'yan matan suna ce mata Tanti. Jarrabawa sai watan Yuni. A cikin taram take bitar darasi in ta taso daga aiki, littafi a cinya. A wannan satin sau biyu barci ya ɗauke ta har aka wuce da ita tasharsu, sai a ƙarshen layi direba ya tashe ta, ta tsallaka ɗaya gefen ta jira mai komawa.